NAZARI: Megabit 5 kacal ake buƙata don kallon bidiyo garau, me ya sa ya gagari yawancin gidajen Najeriya?

Kamfanin Netflix ya ce duk mai son kallon fim da hoto garau, irin wanda ake kira 1080p, yana buƙatar intanet mai saurin megabit 5 a kowane sakan. Adadin da YouTube ya bayar ke nan shi ma. Idan mai kallo ya sauko zuwa 720p, wanda shi ma yana cikin rukunin HD, Netflix na neman megabit 3, YouTube kuma megabit 2.5. Sai wanda ya ɗauko da zafi yana son 4K a ƙaton talabijin, shi ne zai buƙaci megabit 15 a Netflix, ko 20 a YouTube.

Waɗannan alƙaluma ƙanana ne, ko da an auna su da ma'aunin gwamnatin Najeriya. A cikin Maris 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Shirin Ƙasa na Samar da Intanet Mai Sauri, lokacin Isa Ali Pantami na Ministan Sadarwa. Shirin ya yi alƙawarin cewa zuwa 2025 mazauna birane za su samu aƙalla megabit 25, mazauna karkara megabit 10, sabis ɗin zai game kashi 90 cikin 100 na jama'a, masu amfani da shi za su kai kashi 70, sannan farashin gigabait ɗaya ba zai wuce Naira 390 ba. Da an cika wannan alƙawari, da ɗan ƙauyen da ke ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Maigatari zai iya kallon bidiyo garau guda biyu a lokaci ɗaya.

Wa'adin shirin ya cika. Alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, sun nuna masu amfani da intanet mai sauri sun tsaya ne a wajajen rabin jama'a, ba kashi 70 ba. Kuma ko cikin wannan rabin, mafi yawansu sun san da'irar nan da ke jujjuyawa a tsakiyar allo daidai lokacin da labari ya ɗau zafi. Abin da ya hana gidajen Najeriya kallo cikin natsuwa ba ya cikin lambar da kamfanoni ke bugawa a allunan talla. Yana cikin yadda ake sayar da intanet ɗin, da inda wayoyinsa suka tsaya, da wanda ke karɓar kuɗi kafin a bari su wuce.

Mai famfo da mai sayen ruwan garuwa

Akwai ruɗanin da ya kamata a fara kawarwa. Sauri daban, yawan data daban. Ana auna sauri da megabit, ana auna data da megabait da gigabait, kuma megabait ɗaya daidai yake da megabit takwas. Sauri kamar faɗin bututun famfo ne. Data kuwa ita ce yawan ruwan da ya zubo. A ƙasashen da aka ja wa gidaje wayar intanet har ƙofa, magidanci na biyan kuɗin faɗin bututu ne a wata, ruwan kuma ya sha iya shansa. Shi ya sa a can tambayar da ake yi ita ce: wane sauri ya ishe ni? A Najeriya kuwa, inda kusan kowa ta layin waya yake shiga intanet, mutum mai sayen ruwan garuwa ne. Jarka-jarka ake auna masa, kuma duk yadda bakin jarkar ya kai faɗi, hakan na nufin za ta fi saurin ƙarewa ne kawai.

A yi lissafi. Bidiyon da ke shan megabit 5 a sakan zai cinye kusan gigabait 2.25 a awa ɗaya. Netflix da kansa ya ce kallon HD na iya kaiwa gigabait 3 a awa, 4K kuwa har gigabait 7. A ɗauki ƙaramin adadin, a kuma ɗauka cewa burin gwamnati na Naira 390 ya tabbata. Awa ɗaya ta kallo ta tashi kusan Naira 880. Iyalin da ke zama gaban allo awa biyu kowane dare za su ƙone gigabait 135 a wata, wato sama da Naira 52,000. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yuli 2024 shi ne Naira 70,000. Ke nan ko da farashin da gwamnati ta yi mafarkinsa, kallon bidiyo garau na awa biyu a dare zai lashe kashi uku cikin huɗu na albashin ƙaramin ma'aikaci.

Gaskiya ne wanda ya sayi data mai yawa a dunƙule yana samun kowane gigabait da rahusa sosai, kuma dabarun matse bidiyo na zamani kan rage abin da ake ci ƙasa da wannan lissafi. Amma sayen data a dunƙule sai mai kuɗi a hannu. Ɗalibi da mai shayi da ɗan acaɓa na yini ɗaya ko na mako suke saye, kuma a ƙananan ƙunshin nan ne gigabait ya fi tsada. Haka tsarin yake a kasuwar hatsi: mai sayen buhu ya fi mai sayen gwangwani samun sauƙi, alhali mai gwangwanin ne ya fi buƙatar sauƙin.

Saboda haka ne miliyoyin masu kallo suka koyi wata hikima da ba a koyar da ita a makaranta. Da zarar sun buɗe YouTube sai su shiga wurin saiti su mayar da hoton 360p ko 480p. A ma'aunin YouTube, 480p na neman megabit 1.1, wato kusan rabin gigabait a awa. 360p kuma megabit 0.7, ƙasa da sulusin gigabait. Wasu kan jira tsakar dare lokacin garaɓasa su sauke fim, wasu kuma su kai waya shagon masu tura fina-finai a loda masu na mako guda a kan kuɗi ƙalilan. Wannan sana'a ta turawa, wadda masu shirya fina-finai suka daɗe suna kuka da ita, tsadar data ce uwarta.

Abin ya shafi Kannywood kai-tsaye. Bayan kasuwar faifai ta mutu, masana'antar ta koma YouTube da fina-finai masu dogon zango irin su Izzar So da Labarina. Furodusa zai kashe kuɗi ya ɗauki kyamara mai kyau, ya gyara haske da launi, ya ɗora aikinsa garau, sannan mafi yawan masu kallonsa su gan shi dishi-dishi a 360p. Wanda ya kalla ta hanyar turawa kuwa ko a lissafin YouTube bai shiga ba, balle a biya mai fim ladan tallar da ta bi ta kansa.

Lambar talla da lambar bayan isha'i

Ko wanda ya shawo kan matsalar kuɗi, tsugune ba ta ƙare masa ba. Kamfanoni na rubuta cewa saurinsu "na iya kaiwa" kaza, kuma a cikin wannan "iya kaiwa" gizo ke saƙa. Bidiyo ba ya buƙatar sauri mai yawa na ɗan lokaci; yana buƙatar matsakaicin sauri wanda ba ya yankewa. Layin da ke ba da megabit 30 da hantsi ya faɗo megabit 1 da daddare bai kai layin da ke riƙe da megabit 6 dare da rana amfani ba.

Dalilin faɗuwar a bayyane yake. Turken sadarwa ɗaya yana raba ƙarfinsa ne tsakanin dukkan wayoyin da suka jingina da shi. Da hantsi mutane na wurin aiki da kasuwa da makaranta. Bayan isha'i kowa ya dawo unguwa, kowa ya ɗauki waya, sai rabon ya zama kamar tuwon gidan biki. A unguwanni masu cunkoso irin su Kurna ko Rigasa, inda dubban mutane ke zaune a ɗan ƙaramin fili, wannan matsala ta fi ƙamari. A watan Azumi ma haka, lokacin da ake watsa tafsirai kai-tsaye ta Facebook da YouTube a kusan sa'o'i ɗaya.

Cikin gida ma ana sake wani rabon. Megabit 5 ɗin nan na allo ɗaya ne. Idan maigida na kallon ƙwallo, uwargida na kallon fim, yara biyu kowa da wayarsa, buƙata ta zama megabit 20, ba a ma lissafa wayar da ke sabunta manhajojinta a ɓoye ba. Daga nan za a fahimci cewa megabit 25 da shirin gwamnati ya sa wa birane ba alfarma ba ce, daidai bukin gida ɗaya ce. Amurka ta yi amfani da wannan ma'auni na 25 tun 2015, kuma a Maris 2024 hukumar sadarwarta ta ɗaga shi zuwa megabit 100.

Sai kuma wayar hannun kanta. Alƙaluman NCC na 2025 sun nuna kusan rabin layukan Najeriya ne ke kan 4G, fiye da kashi ɗaya cikin uku na nan a 2G, yayin da 5G bai kai kashi 5 cikin 100 ba, duk da cewa tun Disamba 2021 MTN da Mafab suka sayi lasisinsa a kan Dala miliyan 273.6 kowannensu. Mai layin 2G ko saƙon murya da ƙyar yake turawa, maganar bidiyo garau ba ta ma taso ba.

Inda wayar ta tsaya

Najeriya ba ta rasa intanet a bakin teku ba. Manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa irin su SAT-3, MainOne, Glo-1 da WACS sun daɗe da sauka a Legas. Equiano na kamfanin Google ya iso a Afrilu 2022, sannan 2Africa, wanda kamfanin Meta ke cikin masu shi, ya sauka har a Akwa Ibom a 2024. Ƙarfin da ke jibge a gaɓar teku ya zarce abin da ƙasar ke amfani da shi nesa ba kusa ba. Ranar 14 ga Maris 2024, da wasu daga cikin wayoyin nan suka tsinke a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi a faɗin ƙasar suka tsaya cik, kowa ya ga yadda rayuwa ta rataya a kansu.

Matsalar ita ce ɗauko wannan ƙarfi daga Legas zuwa Kano, tafiyar kusan kilomita 1,000, balle Maiduguri ko Sakkwato, sannan a rarraba shi unguwa-unguwa. Masu harkar sun daɗe suna cewa kai intanet daga Legas zuwa cikin ƙasa ya fi kawo shi daga Landan zuwa Legas tsada. Turken da ba a haɗa shi da wayar faiba ba, sai dai ya riƙa karɓar saƙo ta iska daga wani turken, kuma abin da iska ke ɗauka bai kai na waya ba. Mutum zai ga alamar 4G cike a wayarsa, amma bidiyo ya ƙi motsi, domin bayan turken ne hanyar ta ƙuntata.

A nan gwamnoni suka shigo cikin labarin, kuma a nan ne ya kamata matasa masu bibiyar siyasa su fi zuba ido. Kafin kamfani ya haƙa rami ya binne waya a gefen titin jiha, sai ya biya kuɗin izinin wucewa. Majalisar Tattalin Arziƙi ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke ciki, ta amince cewa kuɗin ya zama Naira 145 a kowace mita. Jihohi da dama suka yi biris, suna karɓar dubbai. Ekiti, alal misali, Naira 4,500 take karɓa kafin ta sauko zuwa 145 a 2020. Bambancin ba ƙarami ba ne: shimfiɗa waya ta kilomita 100 a kan Naira 145 zai ci Naira miliyan 14.5, a kan Naira 4,500 kuwa Naira miliyan 450, tun kafin a sayi wayar ko a biya leburan haƙa. A wannan shekarar ce Kaduna ta yafe kuɗin baki ɗaya.

Gwamnan da ya tsawwala wannan haraji yana ganin ya ƙara kuɗin shiga. A zahiri kamfanin ne ke karkata akalarsa zuwa inda zai fi samun riba, jihar ta tashi ba harajin, ba wayar. Kuma ko inda aka rage a takarda, kamfanoni na kokawa da wasu kuɗaɗen da hukumomin jiha da ƙananan hukumomi ke ƙirƙirowa da wasu sunaye. Inda aka samu aka binne wayar kuma, sai ɗan kwangilar titi ya zo da katafila ya tsinke ta, ko ɓarayi su tone. A 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayayyakin sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, amma umarni a Abuja ba ya hana katafila aiki a Funtuwa sai in an ga wanda aka hukunta.

Gwamnatin Tarayya, ta bakin Ministan Sadarwa Bosun Tijani, ta yi shelar shimfiɗa ƙarin wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000, aikin da aka ƙiyasta zai ci kusan Dala biliyan 2. In aka yi shi, shi ne mafi muhimmancin abin da zai sauya wannan labari. Sai dai tsawon kilomita kaɗai ba ya faɗin komai. Taswirar ce abin dubawa: nawa zai bi ta Legas da Abuja da Fatakwal inda riba take, nawa kuma zai kai Yobe da Zamfara da Kebbi inda babu kamfanin da zai je don raɗin kansa.

Ƙarin kashi 50

Ana cikin haka, ranar 20 ga Janairu 2025 NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Su kashi 100 suka nema. Hujjarsu ba ta banza ba ce: sun shafe fiye da shekara goma ba a sake masu farashi ba, darajar Naira ta zube bayan an sake ta a Yuni 2023, kayan aikinsu da Dala ake saye, kuma yawancin turakunsu da man dizal suke aiki. MTN Najeriya ya bayyana asarar kusan Naira biliyan 400 a 2024. Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC, ta yi barazanar zanga-zanga, daga baya ƙura ta lafa, ƙarin kuma ya zauna daram.

An sayar wa jama'a ƙarin ne da alƙawarin cewa sabis zai inganta. Wannan alƙawari ana iya auna shi, kuma megabit 5 ma'auni ne mai sauƙi da kowa zai gane: shin da ƙarfe tara na dare, a Gusau ko Damaturu ko Azare, layi na iya riƙe megabit 5 na tsawon awa ɗaya ba yankewa? Matsakaicin saurin ƙasa baki ɗaya ba ya amsa wannan tambaya, domin Ikoyi da Maitama na jan lissafin sama su rufe asirin sauran wurare. Hukumar da ta amince da ƙarin farashi ita ce ya wajaba ta riƙa fitar da sakamakon jiha-jiha, kamfani-kamfani, da kuma na lokacin cunkoso.

Masu hali dai sun nema wa kansu mafita ta sama. Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam mallakar Elon Musk, ya fara aiki a Najeriya a Janairu 2023, ƙasa ta farko a Afirka, kuma saurinsa ya ninka abin da bidiyo garau ke buƙata sau da yawa, ba tare da jiran gwamna ko ɗan kwangila ba. Amma na'urarsa ta dubban ɗaruruwan Naira ce. A Oktoba 2024 ya nemi ɗaga kuɗin wata daga Naira 38,000 zuwa 75,000, NCC ta taka masa birki, daga baya ya koma 57,000. Mafita ce ga ofis da otal da gidan mai kuɗi, da kuma unguwar da ta haɗa kai ta yi karo-karo. Ita ma sai da wuta take aiki, kuma Arewa ba ta manta Oktoba 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan lantarki ta jefa yawancin jihohinta cikin duhu na kwanaki.

Wani zai ce duk wannan surutu a kan kallon fim ne, alhali mutane na fama da abinci. Amma layin da ke ɗaukar fim shi ne ke ɗaukar darasin jami'a daga nesa, da ganawar likita da majinyaci ta bidiyo, da aikin matashin da ke zaune a Zariya yana yi wa kamfanin waje hidima. Wanda ke watsa taron siyasa ko zaman majalisar jiha kai-tsaye ma yana buƙatar saurin turawa, wanda a layukan waya ya fi na saukewa rauni. Mutanen Zamfara sun ɗanɗana rashinsa gaba ɗaya daga Satumba 2021, lokacin da aka rufe sabis a jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, sannan aka bi da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna; 'yan kasuwa da masu POS suka riƙa tafiya wata jiha don tura saƙo ɗaya.

Akwai kuma akwatin zaɓe. A Yuli 2021, lokacin da Majalisar Tarayya ke muhawara kan aika sakamakon zaɓe ta intanet, jami'an NCC sun shaida wa Majalisar Wakilai cewa kusan rabin rumfunan zaɓe ne kawai ke da sabis ɗin da zai iya wannan aiki, kuma da wannan hujja masu adawa da tsarin suka kafa. Hoton takardar sakamako ɗaya bai kai nauyin 'yan sakanni na bidiyo garau ba. Rumfar da za a iya kallon Labarina a 720p a ƙofarta, ba wanda zai tsaya ya ce rashin sabis ne ya hana a tura sakamakonta. Gwamnonin da za su nemi tazarce a 2027, da waɗanda za su tsayar da magada, kowannensu na da adadin da jiharsa ke karɓa a kan mita ɗaya ta wayar faiba, da adadin kilomitocin da aka binne a zamaninsa, kuma duka biyun suna rubuce a ma'aikatun jihohinsu.